Wayar da Aka Buga wa Mahaifina Ranar Intabiyu

Malam Edita, gaisuwa gare ka da duk masu bin wannan shafi. Na sha karanta abin da ya sami wasu ina girgiza kai, yau ga nawa na kawo. Sai dai a yi mini uzuri ba zan ambaci sunan kowa ba, don mutanen garinmu da sun ji labarin za su gane, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. A tsakiyar shekarun dubu biyu ni saurayi ne mai ji da kansa a Zuru. Na gama digiri a fannin tattalin arziki, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na riƙe harkar mahaifina. Ina da saurin fushi da saurin baki, kuma gani nake duk garin babu mai ƙwaƙwalwata. Lokacin sabis ɗin waya bai daɗe da isowa ba, in na ratsa kasuwa da biro a aljihu da waya a hannu, ji nake kamar ni na kawo shi garin.

Mahaifina jikan Fulani ne, tun zamanin kakansa suka ajiye sanda suka zauna gari. Fataucin hatsi da shanu yake yi, yana saye a Bena da Danko da Dirin Daji, yana loda wa manyan motoci zuwa Legas. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba. In yana son magana da ni sai ya kalli wani wuri ya ce a gaya wa wanga yaro kaza, ko da kuwa ina tsugune a gabansa, har leburorinmu suka laƙaba mini Wanga, suna faɗa in na ba da baya. Mahaifiyata ma haka take, ƙanwar mahaifina da muke kira Goggo ita ta raine ni. Na san al'adar sarai, babu wanda zai koya mini ita. Amma boko ya sa ina raina ta a baki, a cikin raina kuma akwai wata yunwa da ban taɓa gaya wa kowa ba, ta in ji ya ce na kyauta ko sau ɗaya.

Aiki kam na yi, wannan ba yabon kai ba ne. Da na dawo na tarar shanu suna mace mana a hanya saboda direbobi ba sa tsayawa, ni na samo wuri a Mokwa inda ake sauke su su sha ruwa su huta kafin a ci gaba. Ni na matsa aka kama sito a Dirin Daji, muna sayen dawa da masara da kaka mu adana sai bazara. Ni na hana yawo da kuɗi a buhu cikin mota, aka koma banki. Duk abin da na kawo, mahaifina ba ya cewa to, ba ya cewa a'a, sai dai washegari in ga an yi. Akwai amininsa da ke zama a rumfarsa kullum in ba safiyar Lahadi ba, wani tsohon soja Badakkare, ɗan asalin ƙasar Zuru, Kirista, kowa Saje yake kiransa. Shi ne yakan zolaye ni, wai manaja ya iso a gyara zama, mahaifina kuwa sai ya ci gaba da jan carbinsa kamar ba a yi magana ba.

A jarida na ga sanarwar wata babbar makarantar koyon kasuwanci a Legas, za ta ɗauki matasa kaɗan masu harkar kayan gona su yi digiri na biyu, ita za ta ɗauki nauyin komai. Tun daga ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. Gurbin nan shi ne duk abin da nake so a duniya, don gani nake shi zai fitar da ni daga ƙurar kara da warin kashin shanu, ya kai ni inda za a kira ni da sunana. Matakan ba sauƙi. Da farko jarrabawar lissafi da Turanci a Abuja, cikin wani zaure maƙil da mutane masu ƙamshin turare, na ci. Sai aka ce kowa ya rubuta bayanin abin da ya taɓa gyarawa a wurin aikinsa, na rubuta labarin Mokwa da na sito, ya karɓu. Saura abu biyu, shaidar maigidan da kake yi wa aiki, da intabiyu gaba da gaba a Legas.

A nan na nemi shawarar taubashina, ɗan Goggo, wanda ke aikin banki a Kaduna kuma yake ganin ya gama sanin duniya. Ya yi mini dariya son ransa, ya ce in na kuskura na ce shagon babana nake tsaro, za su ɗauke ni ɗan gata da aka ɗora a kujera, kuma babu mai karɓar shaidar uba a kan ɗansa. Ya ce tunda sunan garinmu nake amfani da shi a takardun makaranta ba sunan mahaifina ba, in rubuta shi a matsayin maigidana kawai, in sa lambar wayarsa, ai ba kira suke yi ba, cika ƙa'ida ce. Maganar ta shige ni. Na tsara shaidar da kaina da Turanci mai daɗi, na kai wa mahaifina na nuna masa inda zai sa hannu. Bai tambaye ni ta mene ce ba, ya karɓi biro ya rattaba sunansa da ajami, kamar yadda yake yi wa duk abin da na miƙa masa. Ban gaya masa ina neman makaranta ba. Da ranar tafiya ta zo na ce masa zan je ganin dillalanmu na Legas ne, ya kalli Saje ya ce a gaya wa wanga ya kula da hanya.

Na isa da kwat ɗin aro na taubashina, ya ɗan matse ni a hammata. Aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi kamar randa, mutum uku a bayan dogon tebur. Akwai dattijo mai furfura wanda shi ne shugaban kwamitin, da wani matashi mai yawan rubutu, da wata mata mai gilashi. Da ta ga daga inda na fito sai ta gaishe ni da Hausa tas, ta ce a Sabon Garin Kano ta tashi. Nan take na ji hankalina ya kwanta. Suka yi ta tambaya ina ba da amsa, bakina kamar an sa masa mai. Na ba su labarin yadda sa yake rama a mota in bai sha ruwa ba, da yadda farashin dawa ke hawa in damina ta matso, har dattijon ya ajiye bironsa ya jingina yana murmushi. Matashin ne ya tambaye ni ko akwai dangantaka tsakanina da mai harkar, tunda ya sakar mini komai haka. Na dube shi ido cikin ido na ce babu, cancanta ce kawai ta sa ya yarda da ni. Har yau in na tuna yadda kalmar ta fita a bakina ba gargada, sai in ji kunya ta rufe ni.

Sai dattijon ya ce saura abu ɗaya. Ya ce a tsarinsu ba sa dogara da shaidar takarda, don sun sha ganin wadda mai neman gurbi ya rubuta wa kansa, saboda haka sukan kira maigidan mutum a gabansa, kowa ya ji. Ya tura wa matar waya, ta danna lambar, ta buɗe murya ta ajiye a tsakiyar tebur. Na shiga addu'a Allah ya sa sabis ɗin Zuru ya yi halin nasa, amma ranar kamar an wanke shi. Bugu biyu aka ɗauka. Na ji kukan awaki da ƙarar injin niƙa da hayaniyar masu awo, sai a lokacin na tuna ranar kasuwa ce, rumfarsa cike take da dattawa. Sai ga muryar mahaifina da sallamarsa mai nauyi, a cikin wannan ɗaki mai sanyi na Legas.

Matar ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi sunana cikakke, ta tambaye shi ko ya san mai wannan suna. Can ya ce yara dai suna da yawa da ke kai da kawowa a wurin. Ta sake maimaita sunan. Ya ce in wanga yaro take nufi, to yana nan dai. Ta ce wane aiki yake yi masa, ya ce ɗan aike-aike, abin da ya samu. Ta ce ba shi ne manaja ba, ya ce su ba su san wani manaja ba, Allah ke tafiyar da harka. Ta tambayi wanda ya kawo shawarar sito da ta tsayawa a Mokwa, ya ce shawarar jama'a ce. Daga ƙarshe ta ce in aka ba yaron nan babbar dama, yana ganin zai iya. Ya ce yaran yanzu me suka iya ban da ci da barci, in suna da wani aiki mai muhimmanci su nemi mai hankali su ba shi. Ta cikin wayar na ji dattawan rumfar sun yi 'yar dariya, irin ta jin daɗin mutum ya yi magana yadda ta dace. Ita kuwa baiwar Allah Hausa ta iya, al'adar ce ba ta sani ba. Ta juya ta fassara musu kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kunnuwana suka toshe, gumi ya karyo mini duk da sanyin ɗakin. Dattijon ya daina murmushi. Ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Magana ɗaya ce za ta cece ni, in ce wannan mahaifina ne, ni ɗan fari ne, a wurinmu uba ba ya yabon ɗan fari, balle a gaban tsaransa, balle ga baƙuwar murya a waya. Amma yanzun nan na gama ce musu ba mu haɗa komai ba. In na yi shiru na zama maƙaryacin da ya ƙirƙiri aikin da bai yi ba, in na yi magana na zama maƙaryacin da ya yi musun ubansa. Sai na girgiza wa dattijon kai kawai. Ya yi mini godiya da zuwa, cikin mutuncin da ya fi zagi ciwo. Ban san yadda na sauko daga benen ba, sai ganina na yi a bakin titi, kwat a hannu, motoci suna ta yi mini oda.

A hanyar dawowa ne kaɗuwa ta juye ta zama fushi. Maimakon in ga laifina, sai na tattara komai na ɗora wa tsoho. Tun daga Jebba nake tsara maganganu, kafin mu wuce Kontagora na cika na batse. Da na sauka a Zuru da la'asar ban je gida ba, rumfarsa na nufa. Ban cire takalmi ba, ban tsuguna ba, na tsaya a kansa a gaban Saje da sauran dattawa. Na ce shekara da shekaru ina ɗauke da harkarsa a wuyana bai taɓa ce mini sannu ba, yau kuma da bakinsa ya rushe mini abin da na gina. Na ce baƙin ciki yake yi da ni, ba ya son in wuce shi. Na ce in kunya ce ta hana shi kiran sunana, to ya huta, daga yau ba shi da wanda zai ji kunya. Na zaro makullan sito na jefar a tabarmarsa. Wurin ya yi tsit, har mai shayin da ke gefe ya tsaya da buta a hannu. Mahaifina bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon makullan, sannan ya ce wa Saje a gaya wa wanga ya je gida ya ci abinci, ya sha hanya. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin ƙarshen raini.

Da safe na haɗa kayana na bar garin, ko Goggo ban yi wa sallama ba. A tashar Kontagora na cire layin wayata na karya shi na watsar, don kada wani ya kira ni da maganar haƙuri. Na sauka a Suleja wurin wani abokin karatuna, ya samo mini aikin akawu a shagon kayan gini. Mai shagon yana kiran sunana sau ɗari a rana, yawanci in zai yi mini faɗa, nan na gane kiran suna ba shi ne ƙauna ba, amma girman kai ya hana ni juyawa. Damina ta wuce, wata ta zo. In na ga motar shanu a titi sai in kau da kai. Wata rana ina lissafin buhunan siminti sai na ji an ce Wanga daga bayana. Na waiwaya, ɗaya daga cikin tsofaffin direbobinmu ne ya kawo kaya. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce ai an gaji da nemana, Alhaji, wato mahaifina, ya faɗi tun kafin azumi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Na tarar da shi a ɗakinsa a kan katifa, mutumin da ke tsayar da bijimi da tsawa ɗaya ya koma kamar yaro. Bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Da na shiga ya juyo ya kalle ni, kallo na tsakar ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na durƙusa ina neman gafara, kuka ya ci ƙarfina. Ya motsa leɓe, babu abin da ya fito. Da hannunsa mai lafiya ya lalubi ƙarƙashin matashi, ya jawo makullan nan ya tura mini. Na fito waje don in sha iska, na tarar da Saje zaune a kan benci a ƙofar gida, ya tsufa ƙwarai. Bai zolaye ni ba. Ya matsa ya ce in zauna, akwai abin da aka hana shi faɗa, amma tunda mai hanin ba ya iya magana yanzu, shi zai faɗa, in ya so ranar lahira su sasanta.

Ya ce bayan tafiyata mahaifina ya aika aka kira taubashina daga Kaduna, ya titsiye shi sai da ya warware masa komai, makarantar da gurbin da ƙaryar da muka shirya. Ya ce tsoho bai san wace ce ta kira shi ba ranar, ya zaci ma wata ce take bincike don maganar aure ko wata fitina, kuma ko wace ce, ba zai zauna a tsakiyar kasuwa yana kuranta ɗan fari bakin mutane ya kama shi ba. Da ya fahimci abin da maganarsa ta jawo, ya kasa cin abinci. Sai ya ce wa Saje ya shirya, za su Legas. Mutumin da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa ko Bena, ya hau gaban motar shanu, suka bi wannan doguwar hanya. Dabararsu ita ce Saje ya yi yabon, tunda shi amini ne, al'ada ba ta hana shi ba, ga shi ya yi zaman bariki a can ya iya Turancin soja. A ƙofar makarantar aka hana su shiga, sai Allah ya sa mai gadin tsohon soja ne ɗan ƙasar Zuru, Saje ya yi masa Dakarci, yarensu, ya shige musu gaba har ofishin dattijon nan, inda suka tarar da 'yan kwamitin su uku.

Saje ya ce ya zage ya yi bayani, matar mai gilashi tana taimaka masa, ta riƙe baki da ta ji yadda al'adar take. Amma dattijon ya ce shi daga bakin maigidan ya ji cewa yaron ba shi da amfani, don haka daga wannan bakin kaɗai zai karɓi akasin haka. Aka fassara wa mahaifina. Sai ya miƙe da ƙyar, ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, ya ba su baya, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. A haka ya kira sunana, cikakke, na yanka. Ya ce ɗansa ne na cikinsa, na fari. Ya ce tun da yaron ya dawo daga karatu shi bai ƙara sanin yadda harkar ke tafiya ba, sa hannu kawai yake yi, kuma bai taɓa karanta abin da yake sa wa hannu ba don bai taɓa jin buƙata ba. Ya ce a duk fataken da ya sani babu mai ɗa irin nasa. Saje ya ce shi ya ga yaƙi da idonsa, amma bai taɓa ganin namiji yana gumi irin na ranar ba, rigar sai da ta manne masa a baya.

Saje ya ce bai gama ba. Kwamitin ya yarda, duk da ƙaryar da na yi, in na zo da kaina na yi bayani kafin a fara karatu, za su sake saurare na, kuma dattijon ya nuna gurbin yana nan. Suka kira layina a gabansu, a kashe. Suka dawo Zuru, kullum da safe mahaifina sai ya miƙa wa Saje waya ya ce a gwada lambar wanga, kullum amsa ɗaya. Ya sa direbobi cigiya a Kaduna da Sakkwato da Legas, babu wanda ya yi tunanin Suleja. Har lokacin ya wuce aka ba wani. Ashe gurbin da na ce ya rushe mini, ya je ya ɗago shi da abin da ya fi komai tsada a wurinsa, ni kuma na karya shi da hannuna a tashar Kontagora. Mahaifina ya rasu bayan kaka, ina jinyarsa, bai sake furta kalma ba.

Yanzu ni ke riƙe da harkar, ban sake neman wata makaranta ba. Abin da nake so matasa su ɗauka daga labarina, musamman masu shirin zama gaban kwamiti, kada wani wayayye ya ruɗe ku ku ɓoye asalinku. Da na ce shagon babana ne, na kuma gaya musu yadda muke, da ƙila dariya za a yi a wuce wurin. Ku gaya wa iyayenku abin da kuke nema, ku shirya su kamar yadda kuke shirya kanku, don duniyar da kuke shiga tana tambayar abin da su aka hore su da ɓoyewa. In rai ya ɓaci kuma, a yi fushin amma a bar hanyar da za a same ku. Su ma masu tantance mutane, jin yare daban, sanin mutanen da ke yaren daban. Iyaye kuma ba na ce ku yar da kunya ba, na san nauyinta. Kwanan baya malamin ɗana na fari ya tare ni yana yabonsa, kafin in ankara na ji bakina yana cewa ai ba abin da ya iya sai wasa, yaron kuwa yana tsaye yana ji. Da muka koma gida na kira shi da sunansa na gaya masa ya kyauta, Goggo tana ta salati wai na zubar da mutuncin gida.

Saje yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa sun mai da shi ƙauyensu a bayan dutse. Nakan kai masa dawa da goro. Duk zuwan da zan yi sai na roƙe shi ya sake faɗa mini yadda mahaifina ya kira sunan nan, ko ya ja shi ne, ko ya datse shi, ko muryarsa ta yi rawa. Yakan ce na cika naci, sannan ya gyara zama, ya juya mini baya kamar yadda tsohon ya yi, ya kwaikwaya iyakar iyawarsa. Ina rufe ido in saurara, amma muryar Saje ce nake ji. Mutum huɗu ne suka ji ta ainihin, uku daga cikinsu baƙi ne a Legas, kuma ni ba na cikinsu.